Yaron da Ba Ya Jin Rediyo

Karatu: Markus 7:31-37, Littafin Firistoci 19:14

Yau muna so mu yi tunani tare a kan wani wanda shirye-shiryenmu ba su taɓa kaiwa gare shi ba, ba kuwa za su kai ba, ko da an ninka ƙarfin tashar sau goma. Mai yiwuwa a gidanka yake, ko a gidan maƙwabcinka. Yaro ne kurma. Da yamma in an kunna rediyo, yakan ga kowa ya yi tsit, ya ga ana gyaɗa kai, ana murmushi, ana rufe ido don addu'a. Shi kuwa bai san abin da akwatin nan yake yi wa mutane ba. Saƙon ba zai iso gare shi ba sai ta wurinka.

Ga tambayar da ke gabanmu. Akwai rata tsakanin yaron nan da mutanen gidansa. To, wa ya kamata ya taka zuwa wurin wani? Yaron ne zai yi ta fama har ya zama kamar mu, ko kuwa mu ne za mu tashi mu same shi inda yake? Kada ka yi saurin amsawa, gama amsar tana da tsada.

Darasi daga Mayo

Bari mu kai tambayar nan wurin da rayuwa ta yi wuya ƙwarai, domin in amsar ta tsaya a can, za ta tsaya a Kano, da Jos, da Zariya, da Maraɗi. Wurin shi ne Mayo, wata babbar unguwar talakawa a kudancin birnin Khartum, a ƙasar Sudan.

Wataƙila ka san cewa akwai Hausawa da yawa a Sudan. Tun zamanin dā mutanen ƙasar Hausa suna ratsa ta a ƙafa zuwa Makka, waɗansu kuwa suka zauna a hanya. A shekarar 1903, bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a yaƙin Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga 1925 kuma gonakin auduga na Jazira suka jawo ma'aikata da dama daga yamma. Da tafiya ta yi tafiya, zuriyarsu suka shiga Khartum da Omdurman neman abinci, da yawansu kuwa suka zauna a Mayo, tare da mutanen Darfur, da na duwatsun Nuba, da na kudu, waɗanda fari da yaƙi suka koro.

Ka lura da wani abu. A Sudan da Larabci ake karatu a makaranta, da shi ake ciniki, da shi ake aikin gwamnati. Duk da haka, fiye da shekara 100 bayan hijirar Mai Wurno, akwai gidajen da ake jin Hausa a cikinsu. Wa ya koya wa yaran? Uwa ce, tana daka tana magana da goyonta. Kaka ce, tana ba da tatsuniya da dare. Yayye ne, suna wasa a ƙofar gida. Inda iyaye suka daina yi wa yara Hausa kuwa, kafin jikoki su girma harshen ya ɓace. Darasin a fili yake: harshen farko a gida ake samunsa, a kan cinya, tun kafin a san hanyar makaranta.

Yanzu ka yi tunanin yaro kurma a irin wannan unguwa. Kewaye da shi ana Hausa, ana Larabci, ana harsunan Nuba da na Darfur. Mai tallan da ba ta taɓa zama a aji ba tana iya ciniki da harshe biyu ko uku, domin neman abinci ya koya mata. Amma yaron nan, a tsakiyar wannan yalwa, yana iya kai shekara shida ba shi da ko ɗaya.

Abin da yaron ya rasa

Mukan ɗauka cewa babbar hasarar kurma ita ce rashin jin sauti. Lalle rashi ne. Amma akwai wanda ya fi shi, wato rashin harshe. Da harshe yaro yake tambaya, da shi yake sanin jiya da gobe, da shi yake gane dalilin da ya sa aka hana shi abu, da shi yake cewa wani ya cuce shi. Masana lafiyar yara sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe a shekarun farko, musamman daga haihuwa zuwa shekara uku, har zuwa biyar. In waɗannan shekaru suka wuce yaro bai sami wani harshe ba, ko na baki ko na hannu, koyo daga baya yakan yi masa wuya har iyakar ransa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2021, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 suna da matsalar ji mai bukatar taimako, miliyan 34 daga cikinsu yara ne. An kuma gano cewa fiye da 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. Ma'anar wannan ita ce, yawancin iyaye ba su taɓa zama da kurma ba kafin a haifa musu shi. Ba mugunta ce take sa su yi shiru da shi ba. Ba su san ta inda za su fara ba.

A ɗauki misali. Wata uwa a Mayo tana sayar da shayi a bakin hanya. Ɗanta mai wata goma ya yi zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare. Allah ya taimaka ya tashi. Bayan 'yan watanni sai ta lura in an kira shi ba ya waiwayowa, ɗan gwarancin da ya fara ma ya daina. Ta faɗa wa surukarta. Tsohuwa ta ce, "Haba 'yar nan, ki yi haƙuri, ubansa ma bai yi magana da wuri ba." Aka jira shekara ɗaya. Aka je wurin mai magani, aka je wurin addu'a, aka sake jira. Ya kai shekara huɗu, yaran unguwa suka daina kiransa da sunansa, suka koma kiransa Bebe. Ya kai bakwai, aka fara tambayar inda makarantar kurame take. Ba wanda ya ƙi yaron nan. An ciyar da shi, an tufatar da shi, an yi masa kuka. Amma shekarun da ya fi bukata sun tafi cikin jira.

Abin da Yesu ya yi

Ka sake duba karatunmu na yau. A yankin Dikafolis aka kawo wa Yesu wani kurma mai i'ina. Mun saba da gaggawar zuwa ƙarshen labarin, inda kunnuwansa suka buɗe. Amma ka tsaya ka dubi abin da ya faru kafin nan. Yesu ya janye shi daga taro zuwa waje ɗaya. Ya sa yatsotsinsa a kunnuwan mutumin. Ya taɓa harshensa. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya yi ajiyar zuciya. Duk waɗannan abubuwa ne da ido yake gani, jiki kuma yake ji. Wanda ya warkar da bawan jarumin Roma daga nesa da magana kawai bai rasa ikon yin haka a nan ba. Amma ya zaɓi ya bi da mutumin ta hanyar da zai gane: ga kunnenka, ga harshenka, ga inda taimako zai fito. Kafin ya buɗe masa kunne, ya riga ya sadu da shi inda yake.

Wannan ita ce amsar tambayarmu. Mai ƙarfi ne yake zuwa wurin marar ƙarfi. Babba ne yake durƙusawa don ƙarami. Yaro mai shekara biyu ba zai iya sa kunnensa ya ji ba, kome ƙoƙarinsa. Amma kai, hannunka yana iya koyo, fuskarka tana iya koyo. Wanda yake da ikon takawa, a kansa nauyin yake.

Shari'ar Musa ma ta hana a zagi kurma, ta kuma haɗa wannan hani da tsoron Allah. Me ya sa? Domin kurma ba zai ji zagin ba, balle ya rama. Laifi ne da ba shi da mai kai ƙara, sai Allah. Ka tambayi kanka, shin zagi kaɗai ake nufi? In ana hira a kansa yana zaune ba a gaya masa ba, in kowa yana dariya ya tambaya da ido a ce masa "ba kome", in an yanke shawarar rayuwarsa ba a neme shi ba, ashe ba reni ɗaya ba ne?

Waɗanda suka taka

Tarihi ya nuna cewa duk inda kurame suka sami ci gaba, wani ne ya yarda ya koya daga wurinsu. A birnin Faris na Faransa, wajen shekarar 1760, wani firist mai suna de l'Épée ya gamu da 'yan mata biyu 'yan'uwan juna, kurame, suna magana da hannu. Ya zauna ya koyi alamunsu, daga baya ya buɗe makarantar kurame ta kyauta. Amma a 1880 wani babban taron malamai a Milan ta Italiya ya yanke cewa a bar hannu, a tilasta wa yara kurame magana da baki da karanta leɓe. Shekaru masu yawa aka yi ana hana yara motsa hannu a makarantu. Sai a 2010, a birnin Vancouver na Kanada, taron ya fito fili ya janye wannan hukunci, ya nuna nadama. Shekara 130 ke nan.

A nan Afirka muna tunawa da Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, wanda aka haifa a 1925. Sanƙarau ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digiri a kwalejin kurame ta Gallaudet. Ya zo Afirka a matsayin ɗan mishan, ya buɗe makarantar kurame a Akara ta Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13. Ka yi tunani, da an ajiye shi a bayan ɗaki ana jin kunyarsa, yara nawa ne da sun rasa karatu?

Ba lalle sai an je nesa ba. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu tun kaka da kakanni, ana kiransa maganar hannu ko maganar bebaye. Wata masaniya 'yar Jamus, Constanze Schmaling, ta zauna da kurame a Kano ta yi nazarinsa, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. A Kano ɗin kuma aka buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977. A Khartum, kafin yaƙi, sanannen wurin koyar da kurame shi ne cibiyar Al-Amal, wato bege. Zuwa 2009 ƙungiyar kurame ta Sudan ta tsara haɗaɗɗiyar maganar hannu ta ƙasar, domin kowane yanki yana da tasa. Maganar hannu cikakken harshe ce, mai ƙa'idodinta. Ana wa'azi da ita, ana gardama, ana ba'a, ana neman aure.

Uzurori huɗu

Na san akwai abubuwan da suke zuciyarka. Bari mu dube su da gaskiya.

Na farko, wani zai ce, "In na koya masa hannu, ba zai taɓa yin magana da baki ba." Wannan tsoro ya daɗe, amma bincike bai goyi bayansa ba. Yaron da ya sami harshe ɗaya da wuri ya fi saurin kama na biyu, ko magana ce ko rubutu. Ɗan Mayo da ya tashi da Hausa bai kasa Larabci ba saboda haka. In akwai halin samun na'urar taimaka wa ji, a nema, a kuma sani tana bukatar gwaji, da batir, da canjin abin da ake sawa a kunne yayin da yaro yake girma. Akwai kuma aikin dasa na'ura a cikin kunne, mai tsada ƙwarai, wanda talaka ba safai yake kaiwa gare shi ba. Ko an samu ko ba a samu ba, kada a bar yaro ba harshe ana jiran kuɗi.

Na biyu, wani zai ce, "Muna addu'a Allah ya buɗe kunnensa. In muka koyi hannu, kamar mun fid da zuciya ne." Ɗan'uwa, ka ci gaba da addu'a. Amma kana roƙon abincin yini, kana kuma zuwa gona, ba wanda ya ce bangaskiyarka ta raunana. In Allah ya buɗe kunnen yaron yana da shekara goma, ba abin da ka rasa don ka yi shekara goma kana hira da shi. In kuwa nufinsa ne yaron ya zauna haka, me za ka ce a kan shekarun da ka bar shi shi kaɗai? Waɗansu a dā sun karkatar da maganar Bulus a Romawa 10:17, inda ya danganta bangaskiya da jin saƙo, suka ce kurma ba shi da rabo. Hausa da kanta ta warware wannan. Mukan ce mun ji sanyi, mun ji ƙanshi, mun ji tausayi. In an tambaye ka ko kana jin Hausa, ganewa ake nufi. Kurma yana ji da idonsa, in an sami mai faɗa masa.

Na uku, kunya. Waɗansu suna ɓoye yaro don kada a ce alhakin wani ne ya kama su, ko aljanu ne, ko laifin uwar ne. A Yahaya sura 9 almajirai sun yi irin wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho, Yesu kuwa ya kawar da zargin daga kan mutumin da iyayensa. Sanadin kurumta sananne ne: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawara mai tsanani ga jariri, wahalar haihuwa, ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka ƙyale, waɗansu allurai masu ƙarfi in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, da kuma gado, wanda yawan auren zumunci yakan ƙara fito da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen 60 cikin 100 na matsalar ji a yara ana iya hana aukuwarta. Sudan da Nijar da arewacin Nijeriya duk suna cikin yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Manya a cikinmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta bar yara da yawa ba sa ji. An fara sabuwar allurar rigakafin sanƙarau a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, a 2016 kuwa Sudan ta zama ta farko a yankin da ta sa ta cikin alluran yara na yau da kullum. Rigakafi ya fi magani, zargi kuwa ba ya warkar da kowa.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Wata za ta ce, "Ni da nake neman abin da za mu ci yau, ina na ga lokacin koyon wani harshe?" Ba za mu raina wannan ba. Mutanen Mayo sun ga abin da ya fi talauci. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023. Ranar 10 ga Satumba na shekarar, harin sama ya faɗa a kasuwar Goro da ke yankin Mayo, ya kashe mutum fiye da 40, aka kwashi masu rauni zuwa asibitin Bashair. A Oktoba na 2023 asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yara miliyan 19 a Sudan ba sa zuwa makaranta. Sai a Maris na 2025 sojojin gwamnati suka sake karɓe birnin, mutane suka fara komawa gidajen da suka bari.

Amma ka yi tunanin yaro kurma a irin waɗannan kwanaki. Ba ya jin ƙarar jirgi, ba ya jin ana ihu a kwanta. Yana ganin uwarsa ta fizge shi ana gudu, bai san dalili ba. Ubansa bai dawo ba, ba wanda ya iya gaya masa ko tafiya ya yi ko mutuwa. In ya ɓace a tasha ko a sansanin gudun hijira, ba zai iya faɗin sunansa ko na unguwarsu ba. A ranar da makarantu suka rufe, asibitoci suka tsaya, ƙungiyoyin agaji suka janye, me ya rage masa? Abin da mutanen gidansa suka iya faɗa masa da hannu, shi ke nan. Saboda haka wahala ba ta rage wannan wajibi, ƙara shi take yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar hannu kuwa ba ta bukatar batir, ba ta bukatar kuɗin mota, ba a kuma ƙwace ta a shingen hanya.

Ta ina za a fara?

Da fari, ki lura, ke uwa. Jariri mai ji yakan firgita in an yi ƙara mai ƙarfi. Wajen wata shida yakan juya inda sauti ya fito. Kafin shekara ɗaya yakan yi gwaranci, ya waiwayo in an kira sunansa. In ba ki ga haka ba, ki tsaya a bayansa inda ba zai ga inuwarki ba, ki tafa hannu ko ki kaɗa cokali a kwano. In shakka ta shiga, a kai shi asibiti, kada a bari sai an yaye shi. A ƙasashen da suka ci gaba, ƙa'idar ita ce a gwada jin jariri kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau, a gwada jinsa.

Na biyu, ku tuna da mai ji kaɗan-kaɗan. Shi ne ake yawan duka, ana ce masa mai kunnen ƙashi, alhali rabin maganar ce take isa gare shi. Ku fuskance shi in za ku yi magana, a wuri mai haske, a hankali, ba da ihu ba. A makaranta a zaunar da shi a gaba.

Na uku, ku fara alamu yau. Ruwa, abinci, zafi, barci, zo, bari, Inna, Baba. Ku nuna abin, ku yi alamar, ku maimaita kullum yadda kuka yi. Ku bar fuskarku ta yi aiki, gama labarin zuciya a tambayi fuska. Kada a bar wa uwa ita kaɗai. Uba ya koya, kaka ta koya, yayye su koya, su ne ma za su fi saurin kamawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, ku nemi manyan kurame. Kusan kowane gari suna da wurin da suke taruwa, a kasuwa ko a tasha ko a gindin wata bishiya. Alamun da aka ƙirƙira a gida mafari ne kawai, cikakken harshen yana wurinsu. Ka je da tawali'u ka ce a koya maka. Bari ɗanka ya ga babban mutum irinsa, tela ko kafinta ko malami, mai mata da 'ya'ya, domin ya san shi ma zai girma.

Na biyar, ku kira shi da sunansa. Ranar suna ba Bebe aka raɗa masa ba. Ku koya masa rubuta sunan, da na ubansa, da na unguwarsu. In lokacin makaranta ya yi, 'ya mace da ɗa namiji duka a kai su.

Ikkilisiya kuma tana da nata rabo. Yara kurame nawa ne a unguwarku, kun taɓa ƙirgawa? Mutum biyu daga zumuntar mata ko ta matasa za su iya koyon maganar hannu. A ba kurame wurin zama a gaba, inda haske yake. Malamin makarantar Lahadi ya yi amfani da hoto da kwaikwayo. A ziyarci uwar da ta gaji, a riƙe mata yaron ta huta. A Mayo yawancin Hausawa Musulmi ne, suna maƙwabtaka da masu bi daga duwatsun Nuba da kudu. Haka yake a garuruwanmu da yawa. In yaron maƙwabcinka ne, ka taimaka ba tare da wani sharaɗi ba, gama sanƙarau bai tambayi addinin gidan da ya shiga ba.

Abin tunani

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yau da yamma in ka kashe rediyo, ka dubi wanda bai ji kome ba daga cikin abin da aka faɗa. Ka taɓa kafaɗarsa, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da nasa, ka nuna masa abu guda. Hannunka zai yi nauyi, za ka yi kuskure, mai yiwuwa ya yi maka dariya. Ka bar shi ya gyara maka. Gobe ka ƙara wani.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, kai ka yi kunne, kai ka yi ido da hannu. Ka gafarta mana inda muka bar 'ya'yanmu kurame su kaɗai alhali suna tsakiyarmu. Ka ba iyaye ƙarfin zuciya su koya, ka kawar musu da kunya da zargi. Ka tuna da yaran Mayo, da na Omdurman, da dukan waɗanda yaƙi ya watsa, ka ba ƙasar Sudan salama. Ka koya mana mu je wurin ƙanana kamar yadda Ɗanka ya zo wurinmu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.